Zagin da ya kwantar mini da hankali a Belbeji

Mun tashi daga Tanut ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabcina mai sayar da fata, a bayan wata tsohuwar motar 'yan kasuwa. Ranar kasuwar Belbeji ce. A gida na ce za ni sayen akuya.

Ga ainihin abin da ya tashe ni. Akwai wani yaro direba, Habu, ɗan Belbeji, da ke neman ɗiyata Rabi, ita ma tana son sa. Manyansa sun aiko suna so su zo gaisuwa. Ana cikin haka sai rediyo ta fara ba da labarin shari'ar wasu masu fataucin hodar nan da ake kira heroyin. An ce daga ƙetaren teku ake kawo ta, ta ratsa ƙasarmu a ɓoye cikin kaya, ta bi Agadas ta wuce arewa. Wasu manyan, gwamnatin wata ƙasar Turawa ce ta gurfanar da su a can, na nan kuma ana yi musu shari'a a Yamai, har da direbobi. Cikin waɗanda aka kama akwai wani Alhaji mai motoci, kuma Habu ya taɓa yi masa tuƙi. Na tambayi Habu sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na bar aikin tun tuni, Baba." Ban iya ƙara tambaya ba, shi ma bai iya ƙara bayani ba. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Da muka bar kwalta muka hau hanyar ƙasa, kowa ya kama abin da zai kama. An gama girbi, kara a kwance cikin gonaki, rumbuna sababbin daɓe, shanun Fulani sun shigo kiwo. A shingen jandarma aka sauke mu, aka duba katin kowa, aka soka ƙarfe cikin buhuna. Ba ni da komai sai goro da tabarmar salla, amma tsoro ya bayyana a fuskata. Maƙwabcina ya ce idan ban daina wannan fuskar ba za a kama mu a banza.

A Gangara muka tsaya aka ƙara wa mota ruwa. Na sha furar da ban taɓa shan mai kaurinta ba, nono har yana kama ludayi, dala ashirin kacal. Wani Buzu ya miƙo mana shayi, na sha na farko mai ɗaci, direba ya busa oda kafin na biyu ya nuna. Daga nan sai rairayi da ƙaya, har muka gangara kwarin Tarka, inda raƙuma suka yi layi a bakin rijiya.

Mun shiga Belbeji da hantsi. Na fara bincike yadda iyaye suka saba: ba ka tambaya kai tsaye, sai ka zauna, ka gaisa, ka jawo hira. Amma tun ban rufe baki ba mutane ke gane abin da ya kawo ni. Mai shayin tasha ya ce Habu yaron kirki ne. Ladanin unguwarsu ya ce yaron kirki ne. Wata tsohuwa mai cuku ta ce yaron kirki ne, Allah ya sanya albarka, alhali ban ce mata aure ake nema ba. Sai na tuna ni ma haka nake cewa idan aka tambaye ni ɗan maƙwabci, domin ba wanda ke son a ce shi ya ɓata aure. Na yi azahar zuciyata ta fi ta safe nauyi.

Bayan salla na ce wa maƙwabcina mu shiga karar awaki, tunda na faɗa a gida akuya zan saya, ba zan koma da ƙarya a bakina ba. Dabbobi sun yi araha fiye da Tanut. Muka faɗa hannun wani dattijon dillali mai ƙarar murya. Muna ciniki, wata mota mai ɗauke da hatsi ta wuce tana tari, maƙwabcina ya ce, kamar da wasa, "Wannan ba motar da Habu ke ja ba ce?"

Dattijon ya saki igiyar akuya.

"Kada ka ambata mini wannan wawan, Malam! Ɗan ƙanwata ne. Ni na kai shi wurin Alhajin da ƙafata, na tsaya masa. Mota sabuwa fil! Ka san abin da ya raba shi da aikin? Taya!"

Na ce, "Taya kuma, Baba?"

"Taya mana! An ɗora masa tayar ajiya, an ce kada ya taɓa ta. Ya yi faci a hanyar Agadas, ya buga waya, aka ce ya zauna a daji ya jira a kawo masa wata. Wai shi mai hankali, ya ɗaga ta ajiyar ya ji nauyinta ba na iska ba ne. Yana kai mota ya ajiye makulli ya taho gida. Na yi faɗa, uwarsa ta yi kuka, ya ce shi ba ya jan kayan da aka hana shi taɓawa. Damina biyu ke nan yana jan wannan gwangwanin. Dubi mutum!"

Maƙwabcina ya ce, "To ai Alhajin yana ɗaure yanzu."

"Yana ɗaure. Jandarma ma sun zo sun ɗauki Habu, suka yini suna tambayarsa, suka maido shi kafin magariba." Ya sosa gemu. "Allah ne ya tsare shi, ba wayonsa ba. Taurin kai ne kawai, irin na ubansa."

'Yan uwa, ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Na zauna a kan turke. Na sayi akuyar ban ƙara neman ragi ba. Sai dai zuciyata ta ƙi yarda in tafi da maganar mutum a ɓoye, na ce, "Baba, ka yafe mini, ni ne mahaifin Rabi ta Tanut."

Ya zare ido, ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Subhanallahi! Malam, Habu yaron kirki ne! Duk Damargu babu kamarsa!"

Maƙwabcina ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin awaki. Dattijon ya ja mu rumfar mai nama, ya sa aka yanka mana balangu da zafinsa, ya hana mu biya. Rabon da in ci abinci in ji ɗanɗanonsa har na manta.

Da la'asar muka juyo, akuya a ɗaure kusa da ƙafata tana cin gefen rigata. A hanya wata damuwar ta zo mini, don ni ba na rabuwa da ita: direbobin nan da ke tsare a Yamai, nawa ne cikinsu suka ji nauyin taya suka yi shiru saboda suna da bakunan ciyarwa? Na yi musu addu'a Allah ya ba alƙali ikon raba mai laifi da marar laifi, ya kuma tsare 'ya'yan mutane da wannan hoda ke lalatawa.

Mun iso Tanut ana kiran isha'i, jiki duk ciwo. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, yabon da ake yi wa mai neman aure na kowa ne, ba ya gaya maka komai. Wanda ke fushi da yaro, shi ya kamata ka zauna ka ji dalilin fushinsa.

Uwar Rabi ta tare ni a zaure da fitila, tana duban fuskata. Na san Rabi na bayan ƙyaure tana saurare, don haka na ɗaga murya na ce, "A aika Belbeji, a ce su zo."