Ragar da Malam Ya Ɓoye a Rumbu

'Yata ce ke riƙe da alƙalami, ni nake faɗa. In kuka ya zo mini sai ta dakata. Na ce mata kada ta rubuta sunan kowa, kada kuma ta gyara mini magana.

Malam, mijina, ya rasu bayan an gama kai gero rumbu. Kwana uku ya yi a kwance. Mun haura shekara arba'in tare a ƙauyenmu na ƙasar Dungas, kuma har ranar da aka fita da shi ina ganin babu abin da ke cikinsa wanda ban sani ba.

Yamma da garinmu akwai tafki. Da damina yana cika, da bazara ya bushe ƙaf. Ɓangarensa na kudu rami ne mai zurfi, don nan ake haƙar ƙasar gini tun zamanin kakanni, kuma a bakin ramin akwai wani marke mai reshe da ya miƙa bisa ruwa. Yara kan hau reshen su diro. A nan ɗana na fari ya nutse yana da shekara bakwai.

Mu nan ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane, in ya mutu kuma ba a yi masa kukan fili. Ranar da aka fito da shi daga ruwa na buɗe baki, sai uwar mijina ta dafa mini kafaɗa ta ce, “Ke, na fari ne. Haɗiye.” Na haɗiye. Malam kuwa tun daga ranar bai sake ɗauko zancen yaron ba, ko sau ɗaya, ko muna mu biyu. Na ɗauka kunya ce. Wani lokaci kuma na ɗauka mantuwa ce irin ta maza.

Bayan sadakar arba'in, ina cikin takaba, ƙanen Malam ya zo da mutane biyu a buɗe rumbuna don rabon gado. Ina zaune a ƙofar ɗaki na ji ya yi salati daga cikin tsohon rumbun da muka daina zuba hatsi.

“Yaya,” ya ce da ni, “taso ki ga abin da mijinki ya bar mana.”

Suka zazzage wani ruɓaɓɓen kwali a tsakar gida. Akwai raga doguwa mai baki rawaya, idanunta manya, ko tarwaɗa ta wuce ba ta taɓa zare ba. Akwai fararen bututu na roba, gajeru da dogaye. Akwai wani jan zobe mai faɗin faifai, an rataya masa jakar zare wadda ba ta da gindi. Sai ƙwallo biyu a motse da ɗan famfo. Kwalin kuwa gara ta cinye shi, saura gefe ɗaya mai hoto. Abin da ya rage a hoton shi ne ruwa shuɗi, da kawunan yara a cikinsa, bakunansu a buɗe, hannuwansu a miƙe sama.

Na san wannan miƙa hannun. Haka aka ce an hangi ɗana yana yi.

Ƙanen mijina ya ɗaga jakar ya zura hannu, hannun ya fito ta ƙasa. Ya ce, “Jakar da ake zuba abu ya wuce, wa ke karɓa a ƙasa? Ragar da ba ta kama kifi, me take kamawa? Yaya, wannan ba gado ba ne. A kawo kara a ƙona shi tun liman bai ji ba.”

Na ce, “Ba za a ƙona ba.”

“Kina so sunan gidanmu ya shiga kasuwa?”

“Ka kawo mutum biyu, ai ya riga ya shiga. A mayar mini da shi ɗaki. In na fita takaba ka zo da ashanarka.”

Ba don na yarda da Malam na hana ba. Na hana ne don in aka ƙona, ni da sanin gaskiya har kabari.

Kafin kwana uku zance ya gama gari. Matan da ke zuwa yi mini gaisuwa sai su zauna idonsu na kan ƙofar ɗakina. Wata ta ce, wai don ta kwantar mini da hankali, “Allah dai Ya sani, amma shekarar da yaronku ya tafi ai geron Malam ya fi na kowa.” Ba ta ƙara ba, ba ta kuma bukatar ƙarawa. Ana nufin shi ya ba 'yan ruwa ɗansa don ya sami arziki, yanzu kuma da tsufa ya zo sun nemi ƙari, shi ne ya tanadi kayan kama musu 'ya'yan mutane.

Na kore ta. Amma da ta fita sai na zauna ina tuno abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne a shekarar ya sayi shanun noma biyu. Gaskiya ne kuma a daminarsa ta ƙarshe ya tsiri zuwa tafki da hantsi, lokacin da kowa ke gona, da wata doguwar gora a hannu. Yakan dawo wandonsa jiƙe har cinya. Na taɓa ce masa, “Tsoho, kifi kake nema ko amarya a ruwa?” Ya ce, “Ƙafa nake wankewa.” Mutumin da ke da randa biyu a gida. Da kaka kuma ya ja bunsurunsa zuwa kasuwar Mallawa, ya dawo babu bunsuru babu ko gishiri, na tambaya ya ce, “An yi abin da ya kamata.” Kwalin ma ashe ranar da na tafi suna wani gari ya sa aka kawo shi a amalanke. Ya zaɓi ranar da ba na nan.

Wata huɗu da kwana goma aka ce mace ta zauna tana yi wa mijinta addu'a. Ni na zauna ina tuhumarsa. In na ɗaga hannu zan ce Allah Ya ji ƙansa sai harshena ya yi nauyi. Ina kallon tabarmarsa ina cewa, kai, da hannun da ka ba ni goro da shi ka tura ɗanmu ruwa? Wannan shi ne abin da ya fi mutuwarsa ciwo, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Akwai wata madam, malamar yara, da aka turo lakwal, wato makarantar bokon garinmu, mutuniyar Damagaram, mace mai 'ya'ya uku. Ta zo gaishe ni wata Juma'a. Na yi tunani, wannan baƙuwa ce, ba ta da gona kusa da tamu, ba ta da abin da za ta samu in sunan Malam ya ɓaci ko ya gyaru. Na jawo ta ɗaki na yaye tabarmar da na rufe kayan.

Ta duba, sai ta fashe da dariya, sannan ta toshe baki. “Yi haƙuri, Inna. Ina kika samo kayan otel?”

“Kayan me?”

Ta ce a manyan otel na Yamai akwai tafkin da ake ginawa da siminti, suna ce masa pisin, ana shiga don jin daɗi kawai. Ta tsuguna ta harhaɗa bututun nan, sai ga su sun zama kamar murhu mai ƙafa, ta ɗora jan zoben bisa. Ta ce wannan a kan ruwa yake yawo, a jefa ƙwallo ta faɗa cikin zoben ta fita ta ƙasa a sake ɗauka, shi ne ƙwallon kwando. Ragar kuma ana ɗaure ta tsakanin sanda biyu a tsakiyar ruwa, waɗannan a nan, waɗancan a can, ana buga ƙwallo tana tsallake ta. Ta ce 'yan gwanjo na Najeriya kan kawo irin wannan tarkace Mallawa in wani otel ya zubar. Ta ciro wayar salula ta nuna mini hoton yara farare da baƙaƙe cikin ruwa shuɗi, hannuwa sama, baki buɗe, suna ihu.

“Kin gani, Inna? Murna suke yi. Gara ce ta cinye ƙwallon da ke saman hoton.”

Na ce, “Salula ba ta rantsuwa, madam.”

“To ni in rantse?”

“Ke kin ga tsohuwa na kuka, kina so ta daina. Ko da kayan wasa ne, ai da kaza ake miya, da ita kuma ake tsafi. Gaya mini abin da dattijon da bai taɓa taɓa ƙwallo ba zai yi da su, har ya ɓoye wa matarsa.”

Ta ce wannan kam ba ta sani ba. Na ji daɗin da ba ta ƙago mini amsa ba, amma ta bar ni inda ta same ni.

Ranar da na fita takaba bazara ta yi nisa, tafki ya bushe ya daddare. Ƙanen mijina ya zo da sassafe, da ashanarsa kuwa, yana kaɗa ta.

“Yaya, alkawari.”

Na ce, “Ɗauki ragar. A tafki za ka ƙona ta, inda aka ce ta nan ce.”

Na aika aka kira madam. Na shiga zaure na ɗauko gorar Malam, wadda tun rasuwarsa nake tsoron taɓawa. A lokacin na lura an yi mata tsaga da wuƙa, guda ɗaya, ƙasa da tsakiya.

Ni tun da yaron ya tafi ban sake taka bakin tafkin nan ba, rijiya nake zuwa ko da ta fi nisa. Na nufi kudu wajen ramin da marken, don a raina can zan tarar da abin da zan tarar, ko ƙaho ko ƙwarya ko ƙashi. Muka zagaya ramin, babu komai sai kashin awaki. Madam ce ta ce, “Waɗancan turakun fa?”

Can arewa ne, nesa da ramin, inda ƙasa ta yi shimfiɗe kamar masussuka. Turaku biyu na kirya, dogaye, an kafa su da kyau suna kallon juna. Kewaye da su, da tazara, an kakkafa gajeru. Ƙanen mijina ya ɗaura igiyar ragar a ɗaya, ya ja zuwa ɗayan, ta kai daidai, ba ragi ba ƙari. Ya tsaya riƙe da igiyar.

A jikin kowane turke akwai zanen laka, iyakar inda ruwa ya tsaya da ya cika. Na jingina gorar da na farko, zanen ya zo ƙasa da tsagar kaɗan. Na je na biyu, haka. Na bi gajerun nan ɗaya bayan ɗaya, babu inda ruwa ya haura tsagar. Ashe abin da yake yi ke nan da hantsi, yana neman wurin da ko'ina aka taka ruwa bai wuce wannan tsagar ba.

Sai na tsayar da gorar a jikina. Tsagar ta zo mini daidai ƙugu. Nan ƙirjin yaron yake kaiwa in ya rungume ni ta baya ina daka, ni kuma in ture shi don kada a gani. Malam bai manta tsawonsa ba.

Ƙanen mijina ya zauna a busasshiyar laka. Ya ce, “Bara Malam ya tambaye ni, me zai hana yaran garin nan hawa marken can. Na ce bulala. Ya ce ai shekara arba'in ana bulala. Ban gane ba, Yaya. Na ɗauka hira ce.”

Na ce, “Ina ashanar?”

Ya ce, “Haba, Yaya.”

A nan na yi kukan da uwar mijina ta ce in haɗiye. Na yi shi da ƙarfi, tsakiyar tafki, da rana, na kira sunan yaron har sau uku mutanen da ke wucewa da jakuna suna ji. Ba wanda ya ce in yi shiru. Na yi wa Malam ma, ina neman ya yafe mini watannin nan na zargi. Har yanzu ina jin haushinsa da bai faɗa mini ba. Amma ta ina zai fara, alhali sai ya ambaci wanda ba a ambata? Ni ma ai ban taɓa buɗe masa ƙofar ba.

Da ruwa ya sauka tafki ya cika, madam da ƙanen mijina suka ɗaura ragar, aka hura ƙwallo, aka saki zoben bisa ruwa. Akwai gidajen da har yau ba sa barin 'ya'yansu su je, suna cewa wa ya sani. Ba na jin zafinsu sosai, ni da na kwana da mutumin shekara arba'in ma na ce wa ya sani.

Ƙwallayen da famfon a ɗakina suke kwana. Mai so sai ya zo ya karɓa a hannuna, ni kuma in ɗauki gorar in bi su in zauna a bakin ruwa, don ban yarda da ruwan nan ba ko a wurin da Malam ya auna. Wanda na gani ya nufi marke, ranar an tashi wasa, kowa ya fito. Su da kansu yanzu ke jawo shi baya suna zaginsa.