Ranar da Taɓarya Ta Riƙa Yin Shiru

Cikin fari na mai ɗakina ya cika wata tara, ya gyara zama kamar wanda aka naɗa wa rawani. A lokacin tana goyon ciki gidan iyayenta a Ƙofar 'Yandaka, ni kuwa ina Kambarawa ina ramewa a madadinta. Da suka je awo, likita ta ce lokaci ya gota, in Litinin ta yi, naƙuda ba ta zo da kanta ba, za a sa mata ruwan naƙuda. Baiwar Allah nan ba ta tsoron kunama, ba ta tsoron tsawa, amma matan unguwa sun cika mata kunne da labarin ruwan nan har ta daina cin tuwo.

Sai na shiga neman shawara. Na ji an ce dabino na taimakawa, na sayo wanda zai ishi rabin Katsina buɗa-baki. Ita tana cin ɗaya, ni ina cin biyar don ƙarfafa mata gwiwa, har abokan aikina suka fara tambaya ko ni ne ke jiran haihuwar. Wani ya haɗa ni da wani jiƙo daga Batagarawa, baƙi ƙirin, warinsa kaɗai ya isa ya sa jaki atishawa.

Na kai wa surukata a zaure, kaina a sunkuye, don suruki ba ya buɗe baki ya ambaci ciki a gaban uwar matarsa.

"Hajiya, ga wani ɗan taimako. Na... wancan al'amarin."

Ta shinshina, ta miƙo mini abina. "Malam, mi ke cikinshi?"

"Wallahi ban sani ba."

"To ni ma ban sani ba, ɗiyata kuwa ba ta shan abin da ban sani ba. Dabino na sani, turmi na sani. Litinin kuma in Allah ya kai mu asibiti za mu, ko tana so ko ba ta so."

Haka aka yi ta yi. Mai ɗakina tana zagaya tsakar gida, tana surfe kaɗan-kaɗan, tana hutawa. Geron da ta surfa a makon nan, na rantse da an dama shi da an shayar da masallacin Juma'a.

Litinin da hantsi na iso da Keke Napep, na zauna a zaure muna gaisawa da Hajiya, ƙarar taɓarya na fitowa daga ciki. Muna tsakiyar "ina gajiya" sai ta ɗaga hannu. Taɓarya ta yi shiru, can ta ci gaba. Jim kaɗan ta sake yin shiru.

"Tashi, Malam, ta zo."

"Wa ta zo, Hajiya?"

"Baƙuwar da ka cinye wa dabino!"

Ashe tun asuba naƙuda ta kama mai ɗakina. Kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa wa ko mahaifiyarta. In ciwon ya murɗo sai ta dafa taɓarya ta cije leɓe, in ya lafa ta ci gaba da daka. Ni da ko ƙaya ta soke ni sai unguwa ta zo jaje!

A asibiti nas ta duba ta, ta leƙo tana dariya. "Maigida, wannan ai ta yi nisa, ba ta bukatar ruwanmu." Kafin la'asar aka miƙo mini 'ya mace, tana tsala ihun da uwarta ta ƙi yi.

A haihuwa ta uku sai da aka sa ruwan, aka kuma sauka lafiya, ita da kanta ta ce matan unguwa sun ƙara wa labarin gishiri. Jiƙon Batagarawa kuwa na zuba shi gindin wata bishiya a ƙofar gidana, tun daga shekarar ba ta fasa 'ya'ya ba.