Rakiyar Yaya Habiba da Karyarta Zuwa Glasgow

Abbey Wood

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fito daga flat ɗinmu a unguwar Abbey Wood: ni, Yaya Habiba, da Daisy. Shekara shida ke nan da ciwon suga ya tafi da idanun Yaya, Daisy kuwa ita ce karyar da aka horar tana yi mata jagora. 'Yar Yaya ce ta haihu a Glasgow, za mu suna. Da na yi booking ɗin tikitin jirgin sama an gargaɗe ni cewa in karyar ta ta da hankali, ana iya hana mu shiga jirgi. Aikina ɗaya: kwantar wa Daisy da hankali. Ban gaya wa kowa ba cewa rabona da jirgin sama shekara goma sha ɗaya, don tsoro.

Heathrow

Awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa na Elizabeth line, muka isa filin jirgin sama. A wajen bincike, ƙarfen kayan jikin Daisy ya yi ƙara. Jami'in ya durƙusa, ya nemi izininta da Turanci, ya lalube ta har wutsiya. Ni kuwa bai nemi izinina ba.

Daga nan aka kai mu bayin karnuka, wani ɗaki mai ciyawar roba.

"Ce mata busy," in ji Yaya. "Da kalmar aka koya mata yin fitsari."

Ni Sani, mai 'ya'ya huɗu, cikin shadda mai guga, na tsaya minti ashirin ina cewa "busy, busy." Daisy tana kallona kawai. Yaya ta faɗa sau ɗaya, ta yi.

A sama

Tara saura minti goma muka tashi. Daisy ta kwanta a ƙafafunmu. An ba ni ƙanƙara a kofi in riƙa ba ta tana lasa saboda toshewar kunne. Kafin mu shiga gajimare na tauna duka.

Can jirgi ya fara girgiza. Na sunkuya ina shafa ta, ina cewa, "Ba komai, ba za mu mutu ba."

"Sani, sakar mata kunne," in ji Yaya. "Barci take yi."

Wata dattijuwa 'yar Kumasi da ke gefenmu ta leƙo. "Hajiya, wane ne an ce ki kula da shi, kare ko mutum?"

Ma'aikaciyar jirgi ta zo da bargon da aka tanadar wa Daisy. Ta dube mu duka biyu, ta lulluɓa mini. Daisy ta farka ta ɗora haɓarta a gwiwata, haka muka sauka ƙarfe goma da kwata.

Glasgow

An yi suna lafiya. Yaya ta shafa fuskar jaririyar a hankali, ta ce hancin babanmu ne. Muka ci waina da miyar taushe, muka kwana biyu.

Komawa

Ranar dawowa Yaya ta miƙo mini tikitin jirgin ƙasa, su kuma za su bi jirgin sama. "Ka huta, ƙanena. Daisy ba za ta iya kula da mutum biyu ba."

Awa huɗu da rabi na yi zuwa tashar Euston. Na iso gida bayan la'asar, na tarar Yaya ta ɗora shinkafa, Daisy tana minshari a bakin ƙofa. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa dattijuwar Kumasi da ta riƙe mini hannu lokacin sauka. Daisy kuwa na tsallake ta a hankali, don kada in tashe ta.