Mudirul Kura

Shekarata ta farko a Khartum na zo da Larabcin littafi cike da kai, amma ko farashin tumatir ban iya tambaya ba. Kewar gida ta dame ni, har wani ɗan ajinmu ya ce in riƙa zuwa Umdurman ranar Juma'a, akwai wani dattijo Bahaushe mai sayar da agashe kusa da filin wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo. Agashe tsirenmu ne, ya yi hijira ya canza suna. Na je, na kira shi Kawu, ya amsa kamar dama jirana yake.

A Sudan aka haifi Kawu, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Haka ma amininsa, wani tela da shagonsa ke kallon tukubar. Iyayensu tare suka taho a ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Sai dai lokacin da na zo, wata biyu ke nan ba sa magana da juna. Benci ɗaya suke zama bayan la'asar, wannan a wannan bakin, wancan a wancan, masu cin nama a tsakiya. In Kawu zai yi magana sai ya dubi garwashi ya ce, "A gaya wa mai allura," telan kuma ya dubi sama ya ce, "A gaya wa mai hayaƙi." Kowa dariya yake, amma ni abin yana ci mini rai, don na ga yadda Kawu ke ware tsinke mafi kitse ya ajiye gefe, ya tuna, ya mayar da shi cikin sauran.

Ƙwallo ce ta raba su. Ƙungiyar unguwar ta kama hanyar faɗawa rukuni na ƙasa. Zamanin soja ne, ba a cewa a sauke kowa da babbar murya, sai in mai horar da 'yan wasa ne. To shi kam kullum sai an sauke shi sau goma a bencin nan kafin magariba. Telan ne jagoran masu cewa laifinsa ne: ba ya canji sai an ci su, kuma yana tsare gida kamar mai gadin rumbu alhali rumbun babu komai. Kawu kuwa ya ce mai horarwa da abin da aka ba shi yake girki. Wa ya sayar da mai tsaron ragar da ya taso a unguwar? Wa ya je lokacin sayen 'yan wasa ya kwaso mutum uku duk masu ƙafar hagu, da wani ɗan gaba da aka ce saurayi ne, ya iso da sanƙo da ɗaurin gwiwa?

Duk wannan daga baya na gane shi. A makonnin farko rabin hirar Larabcin kasuwa ne, sai in kama kalma ɗaya in saki uku. Kalmar da na kama da kyau ita ce kura. Kawu da Hausa yake faɗa, yana juya nama: "Kurar nan tamu ta lalace. Mudirul kura ne ya kashe ta, ya bar ta da yunwa." Na san ƙwallo a littafi, da cikakken sunanta na Larabci. Amma cikin zancen Hausa, daga bakin Bahaushe mai nama, kura ai kura ce. Na zauna na haɗa lissafina tsaf: ƙungiyar tana da kura ta asiri, akwai mai kula da ita, ya bar ta da yunwa, shi ya sa ake cin su. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. A garinmu na ga abin da ya fi haka saboda ƙwallo.

Mako uku ina riƙe da wannan ilimi. Ran nan an ci su biyu da nema, bencin ya cika, musu ya kai inda ba a jin kiran mai shayi. Na ga dama ta samu da zan nuna ni ma ɗan gari ne. Na gyara murya na ce, "Kawu, ni fa a ganina a fara ba kurar nan abinci. Ga nama a gabanka. Wai ma a ina kuke ɗaure ta?"

Kawu ya tsaya da tsinke a hannu. "Wace kura, ya zol?" Haka ake kiran mutum a Larabcin Sudan.

"Wadda mudir ɗin ke kula da ita. Gardin."

Wani direban raksha, wato adaidaita sahu, ne ya fara ganewa, ya fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa, sai wurin ya kece. Wani ya zame daga benci, mai shayi ta rufe fuska da mayafi. Aka bayyana mini cewa kura ita ce ƙwallo, mudirul kura kuma shi ne jami'in da ke saye da sayar da 'yan wasa. Kunya ta rufe ni, na so ƙasa ta tsage. Don in rage zafi na ce, "To ai duk ɗaya ne. A garinmu cewa ake, kura da shan bugu..."

"Gardi da kwasar kuɗi."

Telan ne ya ƙarasa. Ba ya cikin masu dariya. Ya juyo gaba ɗaya ya dubi Kawu, ido cikin ido, karo na farko tun zuwana. "Babanka ne ke faɗin wannan," ya ce. "Duk ran da suka dawo daga gonar auduga. Ka tuna?"

Kawu ya goge fuska da bayan hannu. Ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido. Sannan ya ce, "Tun rasuwarsa ban sake jin ta ba." Ya laluba cikin naman, ya zaro tsinken nan mai kitse, ya barbaɗa yaji, ya miƙa. Telan ya karɓa ya ci. Da ya haɗiye ya ce, "Amma fa mai horarwan nan sai ya tafi." Kawu ya ce, "Kai dai allura ka sani." Suka ɗora daga inda suka tsaya, wannan karon ba ɗan aike. Ban taɓa jin daɗin an yi mini dariya irin na ranar ba.

Ƙungiyar ta faɗi a ƙarshen kakar. An kori mai horarwa, mudir ya zauna daram, Kawu ya yi mako guda yana cewa ai ya faɗa. Wasan ƙarshe tare muka shiga mu uku, ni a tsakiya, suna musu ta saman kaina. Har na gama karatu ba wanda ya kira ni da sunana a unguwar, Gardi suke ce mini. Ranar da zan dawo gida su biyun suka raka ni tasha, telan ya ba ni jallabiyar da ya ɗinka, Kawu ya ba ni ƙunshin agashe. Ya riƙe hannuna ya ce, "In ka isa, ka gaya wa mutanen gida muna nan. Ka ce maganar iyayenmu ba ta ɓace ba."