Katunan da Na Ɓoye wa Yaya Lawali

Yau shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran yayana Lawali a wani asibiti a Lyon. Ni ba marubuciya ba ce. Karatuna ya tsaya a ajin farko na lise, wato babbar sakandare, a Maradi, aka yi mini aure, na biyo maigidana Malam Habibu nan Sevran kusa da Paris, inda nake rainon ƴaƴa har yau. Amma akwai abin da ke tsakanina da Yaya wanda nake so in faɗa da bakina, don duk wanda ya san shi ya ƙara masa addu'a.

Aikinsa gwajin ruwan sha ne a wani ɗakin bincike, gidansa kuma a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon. Sai dai waɗanda suka zauna da shi ba aikin suke tunawa ba, tambaya suke tunawa. Ko gaisuwa kake yi da shi, kafin ka kai ga "ina gajiya" ya tambaye ka sunan kogin da ya ratsa garinku. Yana da kwalin takalmi cike da katuna da ya yanka da hannunsa, tambaya a gaba, amsa a baya. Tarihi da shuɗin bik yake rubutawa, sha'anin mulki da ja, kimiyya da kore, wasanni da baƙi. A ƙasan kowace amsa sai ya sa sunan littafin da ya samo ta da shafinsa. Na taɓa ce masa wannan ai kamar isnadin hadisi ne. Ya yi dariya ya ce malaman hadisi ya kwaikwaya, domin magana marar uba shegiya ce.

Akwai wani shirin kacici-kacici da ake nunawa a tele kullum kafin magariba. Shekara wajen ashirin Yaya yana kallonsa, yana riga masu gasar ba da amsa. Sai da ya haura hamsin sannan ya yi ƙarfin halin aika sunansa. Takarda ta zo cewa bayan wata uku za a yi jarrabawar tace mutane a Paris, wanda ya haye shi ne za a kira gaban kyamara. Ba kyautar ce ta dame shi ba. Cewa yake yi yana so rana ɗaya mai gabatarwa ya ambaci Maradi, ƴan garinmu da ke Faransa su ji.

Ya shigo jirgin ƙasa ya kawo mini kwalin gaba ɗaya, wai in yana gidansa zai riƙa leƙen amsa. Muka yi alkawari kullum da hutunsa na tsakar rana zai kira, in zaro katuna in tambaye shi. Lokacin yara suna lakwal wurin karatu, maigida yana wurin aiki, ni kaɗai da tukunya.

"Alo, Auta, kin ɗora sanwa? To, harbo!"

"Su wa ke zaɓen ƴan majalisar dattawan Faransa?"

"Zaɓaɓɓu ke zaɓensu, kansiloli da wakilan garuruwa. Ke da ni sai kallo. Wata!"

"Minti nawa hasken rana ke yi kafin ya iso mu?"

"Takwas da ƴan kai. Ke, tuwonki na ƙauri, ina jin sa daga nan."

Ban san lokacin da na fara jiran ƙarfe sha biyu kamar mai jiran buɗa baki ba. A wata ukun nan na san da shekara bakwai shugaban Faransa ke yi a wa'adi ɗaya kafin a mayar biyar. Na san Nijar da Najeriya shekara ɗaya suka samu ƴanci, mu muka riga su da ƴan makonni. Na san dalilin da ƙanƙara ke yawo a kan ruwa ba ta nitsewa. Faransancina da ke maƙale a maƙogwaro ya fara sauka, har na daina tura ɗiyata Zainabu ta yi mini magana a wurin likita.

Katunan baƙin bik ne suka tsaya mini a rai. Na tamaula da na kokawa na haƙura da su. Amma akwai wani damin da ya shafi wasan da ake kira besbol, wanda ƙatti a Amurka da Japan ke dukan ƙwallo da kulki kamar taɓarya, ana biyansu. Sunayen ba su karantuwa, dokokin ba su shiga kai. Na ce a raina, mutum mai furfura a gemu, mai sallah a sahun gaba, me ya haɗa shi da cika kansa da wannan lagawu? Gara lokacin ya tafi a kan tarihi da kimiyya, abin da ke nuna ikon Allah. Sai na tsame katunan besbol ɗin duka na zuba a gwangwanin biskit, na ɗora bisa kabad. Ban shawarce shi ba, ban kuma gaya masa ba. Gani nake yi taimakonsa nake yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na ɗaura shi a wuyan wani.

Ranar jarrabawa ya dawo gidana da la'asar, na yi masa dambun zogale. Ya wanke hannu ya zauna, bai ci ba. Ya ce amsa ɗaya ta rage masa ya haye. An tambayi ƴan wasa nawa ƙungiya ke sakawa a fili a besbol, shi kuma ya rubuta sha ɗaya, hannunsa ya tafi ga tamaula. Tara ne. "Ikon Allah," ya ce, "ina ji kamar na taɓa rubuta wannan a wani wuri." Na tashi kamar zan ɗebo ruwa, na sauko da gwangwanin. Katin yana nan, da rubutunsa, har da shafin littafi. Na mayar, na rufe, na kai masa ruwan, ban ce uffan ba.

Shirun nan ya fi shekara. Ya ce zai sake gwadawa, sai ciwon hanta ya riga shi. Da aka kwantar da shi karo na biyu, likitoci suka daina maganar warkewa, barci ya ƙaurace mini. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangiji tuba ke goge shi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Na gaya wa Malam Habibu. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce in shirya, gobe zai raka ni gar in hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A asibiti na sami Yaya ya rame, idonsa ya yi rawaya. Matarsa Balki ta fita ta ba mu wuri. Na ɗora gwangwanin bisa zanen gado na faɗa masa komai. Na ɗauka zai yi murmushi ya ce ba komai, kamar yadda ya saba tun ina ƙarama. Bai yi ba. Ya zaro katin ya daɗe yana dubawa, sannan ya juya fuskarsa ga bango.

"Wa ya naɗa ki alƙalin ilimi, Auta? Ke za ki zaɓar mini abin da ya cancanci in sani?"

Na ce ya yafe mini. Ya ajiye katin bisa zanen gado. Can ya ce, "Ba yau ba. Ni kaina haddace su na yi kamar aku, ban taɓa gane wasan ba. Je ki gano shi da idonki, ki zo ki fahimtar da ni. Sannan mu yi magana."

Na koma Sevran da kuka, ina tsoron kada ajali ya riga ni. Maigida ya bincika, ya gano akwai fili a gefen dajin Vincennes inda ake buga shi ranar Lahadi. Haka na zauna bisa benci da hijabina da tasbahata, ina kallon mutane sanye da farin wando suna tsaye kamar masu jiran bas. Lahadin farko ban gane komai ba. Ta biyu wani tsohon Bafaranshe da ya lura ina rubutu a kaye, ɗan littafina, ya matso ya zana mini filin: tasha huɗu, mai jifa a tsakiya, mai kulki yana da damar kuskure uku, in ya doka sai ya ruga, maki ba ya samuwa sai ya zagaye tashoshin duka. Na ƙidaya masu tsaron filin da yatsana, tara cif. Gani ya kori ji. Kuma abin kunya, a Lahadi ta uku da wani ya zame a ƙasa ya taɓa tasha kafin ƙwallo ta iso, sai na ji kaina na ce "Allahu akbar!" da ƙarfi.

Washegari da tsakar rana ni na kira. Balki ta kara masa wayar a kunne. Na yi ta bayani, yana katse ni da tambaya cikin muryar da ta shaƙe. Na gaya masa abin da tsohon ya ce, cewa ko a cikin ƙwararrun da ke bugawa kusan kullum, wanda ya dace da dukan ƙwallo sau uku cikin goma gwani ake kiransa. Ya yi dariya har ta zama tari. Ya ce ashe ƴan uwansa ne, shi ma haka gwaji ke yi masa a wurin aiki. Sannan ya ce, "Bon. Kin biya. Na yafe miki, Auta, duniya da lahira. Balki, ki zama shaida." Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Yanzu kafin ka rufe baki yaro ya tambayi waya ta ba shi amsa, kwalin takalmi ya zama abin dariya. Ina jin ba zai ƙi wayar ba, mai son sani ba ya raina ƙofa. Amma na tabbata zai riƙe hannun yaron ya ce, "To ita a ina ta ji?" Kuma zai yi murna da ranar da na zauna gaban ma'aikaciyar da ke tantance masu neman takardun zama ɗan ƙasa, ta tambaye ni yadda ake zaɓen majalisar dattawa, na amsa ba gargada har ta ɗago kai ta dube ni. Wannan amsar tasa ce. Na gode wa Allah da Ya ba ni wa wanda ya ɗauke ni da daraja har ya ji haushina, bai shafa mini kai kamar yarinya ba. Da ya ce ba komai a ranar, da na fito asibitin nan yadda na shiga.

Bai bar gida a Maradi ba, sunansa bai fita a tele ba. Abin da ya bari yana cikin harshena, wato na koyi riƙe shi. Bana Zainabu ta gama lise ta ce ita karatun ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam za ta yi, irin waɗanda ake tonowa a hamadar ƙasarmu. Matan unguwa suka yi mini ca a wurin suna, wai ga likitanci ga lauya, in bar ɗiya mace ta tafi tonon ƙashi? Wallahi maganar hani ta zo mini har bakin leɓe, don ni ma ban ga amfaninsa ba. Na haɗiye ta. Na kira Zainabu na ce ta je, amma duk hutun da ta zo sai ta zaunar da ni ta fahimtar da ni abin da ta gano, tun daga farko, ba gaggawa.

Allah Ya jiƙan Yaya Lawali, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini, Ya sauƙaƙa masa tambayar kabari.