Kawu Lawal da Baturensa Mai Sallama

Ina tsaye a tashar mota a Zariya, riƙe da takardar shaidar kammala karatuna da na karɓo da safiyar ranar, mahaifiyata ta kira ni. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Nura, kawunka Lawal ya rasu. Bayan azahar za a kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga motar Funtua, amma kafin mu iso an riga an dawo daga maƙabarta. Na tarar da ƙofar gida cike da mutane a kan tabarmi, wasu daga Dandume, wasu daga Danja, da yawansu ban san sunansu ba sai dai fuskarsu.

Malam Lawal ƙanin mahaifiyata ne. Manomi ne, masara da auduga yake nomawa, amma unguwa ta fi saninsa da gidan kallon da ke bayan gidansa. Ban san shekarar da ya buɗe shi ba. Na tambayi mutum biyu sun ba ni amsa daban-daban, don haka na bar ta. Ƙwallo ce ke riƙe da wurin, amma ranar Juma'a bayan la'asar ba ya sa ƙwallo ko da wa ke bugawa. Wannan lokacin na ɗan leƙen asiri ne, wani Bature da aka daɗe ana yin fina-finansa, ɗaya bayan ɗaya, tun kafin a haife ni. Masu kallo manoma ne da 'yan kasuwa, yawancinsu ba sa jin Turanci. Kawu ne zai tsaya gefen talabijin, ya rage murya, ya riƙa fassarawa da bakinsa.

Na taso ina ganin Baturen nan mutum ne mai ladabi ƙwarai. Idan ya ɓalle ƙofa ya shiga ɗakin maƙiyinsa, sai Kawu ya ce, "Salamu alaikum, masu gida," ɗakin kallo ya amsa baki ɗaya. Idan motarsa ta bi ta kasuwa ta watsar da kayan wani, sai ka ji, "Yi haƙuri, baba, aiki ne ya kawo, zan dawo." In aka zo wurin da bai kamata a gani ba, Kawu zai tura gaba ya ce, "Nan maganar iyali ce, ba ta shafe mu ba." Har mahaifiya ya yi masa, tsohuwa a wani ƙauye, wadda yake aika wa gaisuwa duk lokacin da ya ɗaga waya.

Sai da na shiga jami'a, kunnena ya saba da Turancinsu, na gane babu ko ɗaya cikin waɗannan a fim ɗin. Abin ya dame ni har na kasa cin abinci ranar. Ni mutum ne da idan na ga kuskure a rubutu ba na samun sukuni sai na gyara. Da hutu na same shi yana gyaran wayar janareta, na ce, "Kawu, ai bai yi sallama ba. Kuma ba shi da uwa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Daga ina ya faɗo?"

Na ce, "Ina nufin ba a nuna ta ba."

"To, laifinsu ne. Ni gyara musu nake yi. Miƙo mini abin yankan nan."

Daga ranar ya mai da ni abokin hirarsa a kan yadda ya kamata a gyara fina-finan. Yana son su, kuma son ne ya sa yake jin haushinsu. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda suke canza jarumin. Da fuska ta fara tsufa sai a kawo wani saurayi a ce shi ne. Yakan ce, "Su bar shi ya tsufa tare da mu mana. Ina son in ga ranar da gwiwarsa za ta hana shi tsallake katanga, in ga dabarar da zai yi." Kwat ɗinsa ma ba ta burge shi. A ganinsa, mai leƙen asirin da kowa ke waiwaye idan ya shigo bai san aikinsa ba. "Ka kawo shi kasuwar Danja da wannan shigar, kafin ya sauka daga mashin mai rake ya san abin da ya kawo shi. Ya sa tsohuwar riga, ya zo taya tumatir, ya yi ciniki har ya ba mutane haushi. Nan ne zai ji labari." Akwai kuma abin da yake faɗa ba da dariya ba. Abokin aikin Baturen zai mutu a gabansa, fitowa ta gaba yana shan abin sha a bakin teku. Kawu ya ce, "Ko zaman minti biyu a gidan mamacin su nuna. Wanda ba ya zuwa ta'aziyya, ƙasar wa yake karewa?"

Na taɓa ce masa masu yin fim ɗin ba za su taɓa jin wannan ba. Ya ce bai damu ba, nasa masu kallon suna ji.

A daminar da ta wuce numfashi ya fara yi masa wuya. Ba ya iya doguwar magana a tsaye. Na dawo gida bayan jarrabawar ƙarshe, ya ce in tsaya masa Juma'a ɗaya. Na kalli fim ɗin tun kafin ranar, na tabbatar da kowace jimla. Na tsaya inda yake tsayawa, na fassara daidai, ban ƙara ba ban rage ba. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa ji a wurin ba. Can Alhaji Garba, wani dattijon manomi da ke tahowa daga Dandume a kan mashin saboda wannan kallon kawai, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ɗan nan, tsaya. Me ya sami Baturen? Yaron nan ya lalace. Tun da aka fara ko gaisuwa."

Wani daga baya ya ce, "Boko ce ta shige shi, Alhaji."

Aka yi dariya. Na so in ƙara ko kalma ɗaya irin ta Kawu, bakina ya ƙi.

Da na koma ciki na gaya wa Kawu, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya kama hannuna. Ya ce, "Kada ka damu, Nura. Kai Allah Ya yi ka mai faɗin abin da yake. Akwai ofishin da ke jiran irinka. Ni kuwa na abin da ya kamata ne." Bai sake neman in tsaya masa ba, bai kuma bari kowa ya zolaye ni a gabansa ba. Juma'o'in da suka biyo baya a kujera ya yi su, muryarsa ƙasa-ƙasa, mutane suna matsowa don su ji.

Bayan an tashi zaman makoki, matarsa, Inna Rabi, ta kira ni ɗakinta. Ta ce wani mai sayen masara yana son ɗakin kallon ya zuba buhuna, ga kaka ta kama. Amma idan zan riƙe Juma'ar kawuna, za ta hana shi, ko da yaran da ya bari za su ɗan takura. Ta ce, "Kai ya fi yarda da kai. Faɗa mini gaskiya."

Ina son wurin nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma na san abin da mutanen nan ke zuwa ji, kuma na san ba ya bakina. Na ce, "Inna, ba zan iya ba. Ki ba shi ɗakin."

Ta share ido da gefen mayafinta. Ta ce, "Haka shi ma ya ce za ka ce."

Ni na fitar da bencinan. Muna cikin fitarwa Alhaji Garba ya iso, ya tsaya bai kashe mashin ba, yana kallon masu shigar da buhuna. Ya roƙi benci ɗaya, Inna ta ba shi. Muka ɗaure masa a bayan mashin da igiya, ya yi mana addu'a, ya kama hanyar Dandume a hankali, bencin ya fi mashin ɗin faɗi, motoci suna kauce masa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Lawal, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Rabi haƙuri, Ka raya mata yaran da ya bari, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyata da ta rasa ƙaninta. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.