Tsagar da Usta Garba ya bari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Usta Garba magini makwancinsa, kuma sai bana aka fara zaginsa. Da yana raye ba wanda ya isa. Ni ɗan kasuwa ne, riɗi da dawa nake sarowa a Simsim in sayar a Gadarif, rubutu a jarida ba aikina ba ne. Amma aminina ne tun muna dakon buhu a kasuwa, kuma yau ba shi da bakin kare kansa.

Shi ya gina gidan ƙungiyar ɗaliban jami'a, wanda yara suke kira Dar. Kafin nan a ƙarƙashin rumfar kwano suke taro. Injiniya ya zo daga Khartum da zane mai kusurwa huɗu, Usta ya roƙe shi a zagaye zauren kamar gutiyya, bukkar da kusan kowa a garin nan ya tashi a cikinta, a ɗaga rufin, a bar kafofin iska a sama. Injiniyan mutumin kirki ne, ya saurare shi.

Duk wanda aka haifa a nan ya san ƙasarmu. Baƙar laka ce, da rani ta dare har ƙafar akuya ta shige, da damina ta kumbura. Saboda haka Usta ya haƙa tushe sai da ya wuce lakar, ya shimfiɗa yashi. Da motata aka yi ta jigilar yashin daga wajen Fau. Tsakanin zaure da baranda kuma ya bar tsaga mai faɗin yatsu uku, ya cika ta da yashi zalla. Na ce masa, “Ya Usta, siminti ne ya ƙare?” Ya ce, “Ya Hajj, kai dai je ka auna riɗinka. Ƙasar nan numfashi take yi, nan ne hancinta.”

Ginin ya sha damina fiye da ashirin, ko zaren tsaga bai yi ba. Bara aka ba wani ɗan kwangila gyara. Ya toshe kafofin iska, ya sa gilashi da na'urar sanyi, a garin da wuta ke zuwa in ta ga dama. Ya ga tsagar Usta, ya ce sakaci ne, ya ɗura mata siminti. Damina ɗaya tak, baranda ta ɗaga, ta ja bango, ya dare daga ƙasa har rufi.

Yanzu kwamitin ƙungiyar ya ce a rushe, wai tushen ne tun asali ba shi da kyau. Wani har ya ce a wurin taro, “Aikin Takari ne, me kuke jira?” Mu ke nan, jikokin baƙin da suka zo daga yamma. Ban san me Usta zai ce ba in ya ji. Ina jin shiru zai yi ya ɗauko guduma. Ni ba ni da haƙurinsa.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne Halima, 'yarsa, wadda a cikin zauren nan aka yi walimar gama karatunta. Ta zo shagona ta ƙi zama, ta ce, “Baba Alhaji, don Allah gaya mini gaskiya. Abba ya yi ha'inci?”

Na miƙe. Na kai ta sitona na riɗi, wanda ubanta ya gina shekara biyar kafin Dar, a kan laka iri ɗaya. Na nuna mata bango lafiya lau, na nuna mata irin tsagar nan a gindin baranda. Ta durƙusa ta sa yatsu uku a ciki, suka shige daidai.

'Yan kwamiti, siton yana bayan kasuwar hatsi, a buɗe yake kullum. Ku zo ku sa naku yatsun. In kuma lallai sai kun fasa wani abu, ku fasa simintin da kuka ɗura.

Allah Ya yalwata maka kabarinka, ya Usta, yadda ka yalwata wa ƙasar nan.